Oba-obar Inna

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa kiran sunana a gabana ba tun da na yi wayo. Mu Fulani ne da muka baro daji ina ƙarama. Mahaifina ya sayar da abin da ya rage na garke, ya zama dillali a kasuwar shanu, ya gina gida a Bolori tun ana iya tsayawa a ƙofar gida a hango gonakin gero. Shanu sun tafi, Fulatanci ma ya kusa tafiya daga bakinmu mu yara, amma kunyar ɗan fari ta biyo Inna har cikin Maiduguri ta zauna daram. In tana son buta, ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ta kalli bango ta ce, "A ba ni buta." In baƙuwa ta tambaye ta ina nake, sai ta ce, "Waccan? Tana nan." Da na buɗe shagon ɗinki sai na samu ƙarin girma, na koma "mai shago".

Na san ba ƙiyayya ba ce. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, haka ma uwar uwarta. Kowa zai gaya miki cewa wanda aka fi jin kunya shi aka fi so, an kuma gaya mini har na gaji da ji. To amma ƙanwata, wadda ke aure a Mafoni, in ta zo ranar Juma'a sai Inna ta kira sunanta sau goma kafin ta tuɓe mayafi, ta ja kunnenta, ta yi mata tsiya a kan ƙibar da ta yi. Ni da ke wanke mata kaya ina dafa mata abinci sai in tsaya a bakin ƙofa ina dariyar yaƙe. Na haura shekara hamsin, na yi jikoki, amma ina jin zafin abin kamar yarinya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan rasuwar mijina, 'ya'yana kuma kowa ya kama gabansa, na kwaso keken ɗinkina na dawo gidanmu. Mahaifina ya riga ya rasu, mu biyu muka rage. Gidan dogo ne siriri. Shagona yana bakin titi, inda zaure yake a da, ɗakin Inna kuma yana can ƙurya gindin darbejiya, jikin katangar maƙwabta. In ina taka keke, ga ƙarar masu keke-napep a titi, ko ganga aka buga a ɗakinta ba zan ji ba.

Sai ɓarin jikinta na hagu ya shanye, idonta kuma dama ya daɗe yana hazo. Wata rana na shiga da azahar na same ta a ƙasa, ta zamo daga gado, fuskarta a kan siminti. Ban san tun yaushe take nan ba. Na ɗaga ta ina kuka ina faɗa, na ce me ya hana ta ɗaga murya. Ta juya kai wajen bango ta ce, "Ba a tayar da mai aiki."

Mun gwada waya. Ba ta ganin lambobi, yatsunta kuma sai su danna uku a lokaci ɗaya. Ƙanwata ce ta ce ta ga wani abu a gidan wata ƙawarta, intakom, madanni ɗaya ne kawai, ka danna ka yi magana a ji ka a ɗaya ɗakin, babu waya babu kati. Na shiga kasuwa layin masu kayan lantarki na sayo. Akwatuna biyu ne farare, kowanne bai fi sandar sabulun wanki ba. Akwai babban madanni a tsakiya, da wani ƙarami wanda in an danna shi sai abin ya zauna a buɗe yana ɗaukar duk motsin ɗaki, 'yar jar fitila tana ci. A gefe kuma akwai ɗan makunni da ake turawa, lamba ɗaya, biyu, uku. A shekarun nan ne garin ya daɗe babu wutar lantarki, don haka da 'yar solar da nake kunna fitilar shago nake yi musu caji.

Da na sa mata a hannu ta shafa shi, ta ji ya yi ƙara, sai ta ture shi. Ta ce, "Oba-oba ce irin ta sojoji. A fitar da ita, kada a ce muna da hannu a wani abu." Duk wanda ya zauna garin nan a shekarun tashin hankali ya san ba shirme take yi ba. Sai da ƙanwata ta yini tana lallashi, tana shiga shago tana kiranta da muryar 'yan sanda, har Inna ta yi dariya ta yarda a ajiye mata kusa da matashi. Sunan kuma ya bi abin, har yau oba-oba nake ce masa.

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda wadda zan ji kunya ba ta nan. Ba tsoron faɗuwarta kaɗai ya sa na saya ba. Na yi lissafi cewa a cikin akwati babu bangon da za ta kalla. In ta danna, dole ta yi magana da wani, kuma babu kowa a ɗaya gefen sai ni. Na ce wataƙila wata rana, in ƙishi ya matsa mata ko ciwo ya taso, bakinta zai suɓuce ta kira ni. Tarko na ɗana wa mahaifiyata, ina jiran sunana ya faɗa ciki.

Kwana uku da ajiyewa, ina cikin yanka wani leshi, sai akwatin shago ya yi ƙara. Na saki almakashi, na ɗauka Inna ce. Sai na ji muryar tsohuwa tana zuba Kanuri, tana faɗa wai shayinta ya huce tun ɗazu ba wanda ya leƙo. Na tsaya baki buɗe. Inna ba ta jin Kanuri sai gaisuwa da zagi. Can na gane muryar: Hajiya ce ta bayan katanga.

Hajiyar nan maƙwabciyarmu ce tun zuwanmu unguwar. Ita Kanuri, Inna Bafulatana, wasan da ke tsakanin kabilun biyu kuwa su suka fi kowa riƙe shi. Inna ta ce mata baiwarta, ita ta ce wa Inna 'yar daji mai warin nono. A da akwai 'yar ƙofa a katangar da ta raba mu, ta nan ake miƙa garwashi da gishiri da labari. Lokacin da gari ya rikice, kowa yana tsoron a tsallako masa, mazan gidajen biyu suka sa aka toshe ta da bulo aka ƙara wa katangar tsawo. Daga nan sai an zagaya ta titi, an bi lungu mai kwata. Da ƙafa ta gagari tsofaffin biyu, sai zumuncin ya koma saƙon gaisuwa. Sun shekara huɗu ko fiye ba su ji muryar juna ba, alhali tsakanin gadajensu bai fi taku goma ba.

Ashe ɗan Hajiya ma ya saya mata irin akwatin, a layin da na saya. Ya zo shago muka yi dariya, ya ce su ma jiya sun ji ƙarar keke da wata mata tana masifa a kan zaren da ya tsinke. Na ce ba ni ba ce. Muka raba: mu lamba ɗaya, su lamba biyu, kowa ya tsaya a gonarsa. Na je na ba Inna labari, ina magana da iska kamar yadda muka saba. Sai na ga tana shafa gefen akwatin da babban yatsa.

Watanni suka wuce, akwatin shagona bai yi ko tari ba. Ina shiga wurinta da hantsi, da azahar, da bayan la'asar kaɗan, sai kuma in na rufe shago. In tambaya ko ana son wani abu, a ce wa bango a'a. Kullum da safe in yi wa abin caji, in goge masa ƙura, in ajiye shi gefen keke inda zan ga fitilarsa. Shiru. Amma sai na lura Inna tana warwarewa. Ta fara cinye tuwonta. Ta ce a ƙunsa mata lalle a hannun da ke motsi. Ta ce a sa mata turaren wuta, har tana kushe wanda na sayo wai na 'yan koyo ne. Wata rana na iso bakin ƙofa na ji kamar tana dariya, da na shiga ta yi shiru. Ni da wautata na ɗauka girkina ne da maganin asibiti. Sau biyu na tarar da makunnin a kan lamba biyu, na ce hannunta ne ya goga, na mayar.

Akwai abin da nake ɓoyewa a lokacin. Inna ta fara kasa riƙe fitsari. Mace ce da ko tari ba ta so a ji ta yi, don haka na rantse ba wanda zai sani, har ƙanwata. In wanke zannuwan da sassafe in shanya a cikin ɗakin ajiya, ba a igiyar tsakar gida ba, in turara ɗakin kafin kowa ya shigo. Ina alfahari da wannan sutura da na yi mata.

Saura wata guda Babbar Sallah, ɗinki ya taru har ba wurin sa ƙafa a shago, na shiga da hantsi na tarar katifa ta jiƙe har ƙasa. Tun asuba take kwance a ciki, ga akwati a gefen kunnenta. Ina da zuciya, kowa ya sani, a wurin mahaifina na gado ta. Ranar kuwa ta ƙwace mini. Ina juya ta ina cire zane ina faɗa. Na ce, "Inna, wannan wace irin rayuwa ce? Ga abu a hannunki, dannawa kawai! Kin gwammace ki kwana cikin ƙazanta da ki kira ni? Ni dodo ce? Ko sunan nawa wuta ne zai ƙone miki baki? Shekara hamsin ina bauta a gidan nan kamar baiwar da aka sayo, ko kare ana kiransa da suna!" Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ita dai fuskarta na bango. Na gama, na shafa mata mai, na fita ina huci.

Bayan kwana biyu surukar Hajiya ta shigo shago da ƙunshi a hannu. Yarinya ce mai hankali, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta buɗe ƙunshin, sai ga ledar shimfiɗa irin ta asibiti, sabuwa, da ƙullin turare. Ta sassauta murya ta ce, "Hajiya ta ce a kawo wa Inna, a shimfiɗa a ƙarƙashin zane, zai rage wanki. Ta ce kuma a ƙara haƙuri, tsufa ne."

Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na wuce ciki da sauri. Inna tana barci. Akwatin yana kan lamba biyu, jar fitilar tana ci. A buɗe yake. Allah kaɗai ya san sau nawa yake zama haka, yana kwashe nishinta da tarinta da ƙarar fo yana kai wa gidan mutane. Ya kuma kwashe muryata ta shekaranjiya, kalma bayan kalma.

Na dawo shago na naɗe ledar na tura wa yarinyar. Na ce ta gaya wa Hajiya mun gode, ba mu rasa abin saye ba, kuma mai kasa kunne a ɗakin mutane ya ji tsoron Allah. Ta tashi idonta ya cika da hawaye. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji kunya.

Washegari na tafi wurin mai kayan lantarkin da faɗana. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Baiwar Allah, ai duk irinsu ɗaya ne. Lamba uku ce kawai. Duk wanda ke da shi kusa da ke, in ya tura lambarki zai ji ki, ke ma ki ji shi. Ba shi da sirri." Na ce me ya sa bai faɗa mini tun farko ba. Ya ce ban tambaya ba. Na ce to yaya za a hana shi matsawa daga lamba ɗaya. Ya miƙo mini ɗan gam mai kama ƙarfe, ya ce ɗigo biyu ya isa.

A gaban Inna na yi. Na zauna bakin gado, na tura makunnin lamba ɗaya, na ɗiga gam, na ɗiga wa ƙaramin madannin ma don kada ya sake zama a buɗe. Na riƙe ina hurawa har ya bushe. Warin ya cika ɗakin. Inna ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta lafiya lau. Ta ce wa bango, "An gyara?" Na ce, "An gyara." Na mayar mata kusa da matashi.

A ranar nan da la'asar, ina shago, akwatina ya yi ƙara karo na farko da muryar gidanmu. Na ji numfashinta, na ji ƙarar farce yana kankarar gefen abin. Sannan ta ce, da wata murya mai walwala da ban san tana da ita ba, "Baiwata, kin mutu ne? Yau ba gaisuwa?" Shiru. Ta sake cewa, "Hajiya?" Sai numfashi kawai. Ina jin lokacin da ta gane inda muryarta take zuwa, don numfashin ya tsaya cak, sannan ta saki madannin.

Hannuna yana kan nawa madannin. Ba abin da zai hana in danna in ce, "Inna, ni ce, me ake so?" Ban danna ba. Na ce a raina, ga ni nan ai, ni ma mutum ce, a kira ni. Kishi nake yi da tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado, kuma na san kishi ne tun a lokacin.

Ta sake gwadawa washegari, da ranar da ta biyo baya, kullum bayan la'asar. Ba ta ƙara yin magana ba, sai ƙarar dannawa, da kankarar farce, da saki. Ranar Juma'a ƙanwata ta fito daga ɗakin ta same ni a shago, ta ce, "Adda, me kika yi wa oba-obar Inna?" Na ba ta labarin leda, na ce asirin uwarmu nake rufewa. Ta ce, "Ai ni na san suna hira, ta gaya mini tun tuni. Ita ke nan abin da take jira kullum. An toshe musu ƙofa sau ɗaya, ke kuma kin sake toshewa." Jin cewa har ita ta sani, ni da ke gidan ban sani ba, ya ƙara mini wuta. Na ce in ta fi ni tausayi ta zo ta karɓi wankin. Muka rabu ba sallama.

Bayan kamar mako guda dannawar ta daina. Inna ta koma barin rabin tuwo, daga baya sai kunu kawai. Lallen hannunta ya koɗe, ba ta ce a sake ba. Ina gani. Na ce a raina bari in fita daga ɗinkin Sallah, in sayo wani sabo, in je in ba Hajiya haƙuri, in ma ta kama in sa magini ya fasa bulon nan. Na tsara komai, sai dai bayan Sallah.

Saura kwana huɗu Sallah, da hantsi, ina kalmasa bakin wani zane, akwatin ya yi ƙara. Ba lokacin hirarsu ba ne. Na ɗage ƙafa daga keke. Babu kankarar farce a wannan karon. Numfashi ne kawai, a hankali, sai ta ja shi ciki kamar mai shirin ɗaga tulu, ta riƙe, ta sake shi. Ta yi haka sau uku. Na ƙura wa akwatin ido, ina jira. Sai ta saki madannin.

Na ce ƙawarta take nema. Na mayar da ƙafa kan keke na ƙarasa kalmasar, abin da bai fi kamu biyu ba, na yanke zare, na ninke zanen, sannan na tashi. Na same ta akwatin yana kan ƙirjinta, hannunta a kai, bakinta a ɗan buɗe. Tana numfashi amma ba ta san na shigo ba. Na ɗora kanta a cinyata ina yi mata kalmar shahada, ina kiran Inna, Inna. Kafin azahar Inna ta cika.

Hajiya ta aiko da gaisuwa ranar, ta aiko ran uku, ran bakwai ta aiko cewa tana son ganina. Ban iya zuwa ba sai bayan arba'in. Na zagaya ta titi, na bi lungun mai kwata, na shiga gidan da nake jingina da katangarsa kullum. Surukar ta tarbe ni kamar ban taɓa yi mata komai ba, ta kai ni ɗakin.

Hajiya ta ƙanƙance, ta zama kamar yarinya a tsakiyar gado. Akwatinta yana gefen matashi, a kan lamba biyu. Ta haɗa da gaisuwar Kanuri ta ce, "Lale, lale. Wushe da haƙuri." Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Bar shi. Faɗanki mun ji, ba zan yi miki ƙarya ba, har na kori yarinyar nan daga ɗaki. Da kika fita na ce wa uwarki, wannan 'ya taki akwai baki. Kin san me ta ce? Ta ce bakin ne na ubanta, hannun kuwa ba wanda ya kai shi taushi. Ta ce in kina juya ta ko zafi ba ta ji."

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ledar nan kuma da kika dawo da ita, ba ni na yi karambani ba. Ita ta roƙe ni. Ta ce hannunki ya tsattsage da wanki, ga ɗinki, ita kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce ki sayo ba. Ta ce in aiko kamar daga gare ni."

A nan na fara kuka. Ina ta cewa asirinta nake rufewa, alhali ita da kanta ta ɗauki asirin ta ba wadda ta yarda da ita. Har yanzu ina ganin bai kamata abin da ke ɗakin mara lafiya ya tsallaka katanga ba tare da saninsa ba, kuma mai sayar da irin wannan kaya ya kamata ya faɗa wa mutane. Amma abin da na liƙe da gam ba asirin Inna ba ne. Nawa ne, na bakin da na yi mata.

Hajiya ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce hirarsu rabi duk a kaina take. Inna ta ba ta labarin ranar da ta haife ni, suna kan ƙaura, ruwa yana zuba, aka kafa mata bukka da tabarma biyu. Ta ba ta labarin yadda aka kai ni wurin kaka bayan yaye, ita kuma takan fake da neman ɗan maraƙi don ta bi ta bayan bukkar ta hango ni. Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Na share ido na ce, "Hajiya, in tana maganata, me take ce mini? Mai shago?"

Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Da farko. Sai na ce mata, ke 'yar daji, nan ba kowa sai ni da akwati, 'yar taki ba ta da suna ne? Ranar ta yi shiru har na ɗauka caji ya ƙare. Sannan ta faɗa, a hankali, kamar mai satar nama a tukunya. Daga nan kullum sai ta faɗa. Na ce to tura lamba ɗaya ki kira ta mana, tana can tana jira. Ta ce, bakina bai saba ba tukuna, bari in saba a nan wurinki."

Na tambaye ta ko a ganinta abin da Inna take shirin yi ke nan ranar da ta danna da hantsi. Ta ce ita ba ta ji ba, ai na riga na raba su, Allah ne ya sani. Ba ta faɗa da zafi ba.

Da zan tashi na ce, "Hajiya, yaya take faɗarsa?"

Ta gyara kwanciya, ta rufe ido, ta faɗi sunana. Sai ta girgiza kai ta ce, "A'a, ba haka ba. Harshena na Kanuri ne, ya yi nauyi. Ita tana jan ƙarshen." Ta sake gwadawa, ta ja ƙarshen. Ta ce, "Ya yi kusa, amma nata ya fi daɗi."

Na ce ta ƙara faɗa sau ɗaya, ta ƙara. Iyakar abin da na samu ke nan.